Likitan Tumatir da Mai Turmi

A kasuwar Bebeji suka fara ganin juna, a ƙarshen damunar 1989, kuma turmi ne ya haɗa su. Barakatu na zaune a rumfar kakarta tana tsaron 'yan turamen jajjage da ƙore da ludaya, sai ga wani dogon saurayi ya jingine babur, ya durƙusa yana ɗaga turamen ɗaya bayan ɗaya yana leƙa cikinsu.

Ta bar shi ya gama leƙe-leƙensa, sannan ta tambaye shi ko amarya ce ta aiko shi. Ya ce ba shi da amarya. Ta ce to ko babarsa ce. Ya ce ita ma tana Kiru, ba ta ma san ya zo ba.

"To me za ka daka?"

"Ganye," in ji shi. "Tumatir zan yi wa rigakafi."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Mutum tsaf da shi, riga a goge, biro a aljihu, amma ji abin da ke fita daga bakinsa. Ita dai ta san ana yi wa yara lamba a dantse, ana yi wa shanu allura, amma tumatir ina ya ga dantse? Ta miƙa masa ƙaramin turmi tana danne dariya.

Sunansa Mainasara, malamin gona ne a wata 'yar gonar gwaji da ke gefen magudanar ruwan Tiga. Turmin tangaran na wurin aikinsu ne ya suɓuce masa ya fashe, ya zo neman madadi kafin ogansa ya dawo. Ya saya bai ko taya ba, ya hau babur ya tafi ya bar taɓaryar a kan tabarma.

Kasuwa ta zagayo, ya dawo karɓar taɓarya. Ta gaba da ita ya dawo wai yana son ludayi. Ta gaba kuma wani ludayin. Da ludaya suka fara yi wa ɗakin gwauro yawa, gwauron da ko koko bai iya damawa ba, sai kakar yarinyar, Inna Hindu, ta ce masa ya daina wahalar da aljihunsa. Ta kwatanta masa gidansu, a unguwar da aka zaunar da mutanen da ruwan madatsar Tiga ya tasa.

Haka ya fara zuwa zance. Sai dai Allah ya yi Mainasara da wani hali: in yana gaban mutum, magana ba ta fito masa a miƙe. Zai fara daga tsakiya, ya koma farko, ya tuna wani abu ya shiga gefe, har mai saurare ya manta tambayar da ya yi. Da Barakatu ta ce ya faɗa mata ainihin aikinsa, tun la'asar yake bayani har aka kira magariba.

Ga abin da yake son faɗa, a taƙaice. Akwai cutar da manoma ke kira kuturtar tumatir. Ganye ya yi dabbare-dabbare, ya murɗe, ya tsuke, tsiron ya tsugunna ya ƙi 'ya'ya. Ƙwayar da ke kawo ta ido ba ya gani, kuma babu maganin feshin da ke kashe ta. Amma tana da 'yar'uwa mai sanyin hali, wadda masana suka sha wahala suka ware, ake renonta a jikin wasu tumatir na musamman a cikin ɗakin raga. In aka daka ganyen waɗannan aka shafa wa ƙaramin dashe, mai sanyin ta shiga ta zauna, to ko muguwar ta zo daga baya sai ta tarar an riga ta.

Wannan ni ne na faɗa muku. Daga bakin Mainasara kuwa, abin da Barakatu ta tsinta uku ne kawai: ganye mai cuta, daka, shafawa. Ta gyaɗa kai don kada ya ji kunya, ta sa masa suna Likitan Tumatir. Shi kuma ya ce mata Mai Turmi.

Da ya ga bakinsa na cin amanarsa, sai ya koma naɗar magana a kaset. Inna Hindu ke kaiwa da kawowa a ƙarƙashin faifan ƙwaryarta, ladanta goro fari. Barakatu kan rage muryar rikoda ta kara kunnenta.

"Salamu alaikum, Mai Turmi. Ni ne. Na san kin gane ni ne, tunda ba wanda zai aiko miki da kaset sai ni, ina fata dai. Yau na wuni ina shafa wa dashe, kowane ganye na taɓa sai in tuna ke kika zaɓa min turmin nan. Ban san me ya sa in na zo gabanki magana ke tsere min ba. Ina sonki, Barakatu. Batir ya kusa ƙarewa. Ki gaida Inna."

Ita kuma ta juya ɗaya gefen kaset ɗin ta mayar masa.

"Likitana, na ji saƙo. Rabin abin da kake faɗa a kan ganye ban gane ba. Ɗaya rabin kuwa na gane shi sarai, kuma ni ma haka. Ka riƙa cin abinci, ka rame."

To, akwai Malam Ubale, mahaifinta. Mutum ne mai tsare gida, manomin tumatir na rani, kuma duk duniya ba abin da ya ƙi jinin gani kamar biro a aljihun riga. Yana da dalili. Masu biro ne suka zo garinsu na da suka yi awo, suka ce ci gaba ne ya zo, yanzu gidan ubansa da kaburburan kakanninsa suna ƙarƙashin ruwa, kifi na yawo a kai.

Akwai kuma Ɗanliti, dillalin da ke sayen tumatirin Malam Ubale yana loda wa motocin Kudu. Shi ma ya daɗe da sa ido a kan Barakatu, kuma shi Allah ya ba shi baki, abin da Mainasara ya rasa. Shi ya zauna ya shaida wa Malam Ubale cewa yaron nan mai babur cuta yake dakawa da hannunsa yana shafa wa tsiro mai lafiya, kuma wa ya sani ko so ake a kashe gonakin a sake tashin mutane.

Malam Ubale ya aika aka kira Mainasara. Ya zo ya cire takalmi, ya durƙusa a zaure, ya gaida shi har sau ba adadi. Dattijon ya tambaye shi ko gaskiya ne yana shafa wa mai lafiya ruwan mai cuta.

"Gaskiya ne, Baba, amma ita cutar, wato ba ita ba ce, ita ce dai, amma..."

Ya shiga daji. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Fuskar Malam Ubale tana ƙara haɗewa, Barakatu kuwa tana bayan ƙofa ta dafe ƙirji.

Inna Hindu ce ta kawo ɗauki. Bafulatana ce, a ruga ta tashi kafin 'yarta Kubura ta auri Malam Ubale. Ta leƙo zauren ta ce ita ba ta ga abin ɗaure kai a nan ba, ai abin da iyayensu ke yi wa shanu ke nan. In ciwon huhu ya shigo garke ya kashe saniya, sai a yanko ɗan huhunta, a tsaga fatar karan hancin masu lafiya a cusa musu. Su ɗan yi laushi su miƙe, ciwon ba ya ƙara kama su.

Mainasara ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka.

"Haka yake, Inna," ya ce. "Daidai ke nan."

Wannan "daidai" ita ta jawo komai. Ya san akwai bambanci, babba ma, amma ya ga fuskar dattijo ta ɗan saki, ya ji tsoron in ya sake buɗe baki zai ɓata abin da aka gyara. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Malam Ubale ba zai musa wa surukarsa a gaban yaro ba. Ya ja gemu, sannan ya yanke magana. Fangali huɗu ya yi na renon iri a bana, kuma tumatirin bana na kayan ɗakin Barakatu ne, gado da katifa da kwalla da langa duk a cikinsa za su fito, ko wa za ta aura. Ya ba Mainasara fangalin ƙarshe guda ɗaya. In ya yi kyau, ya turo magabatansa. In ya lalace, ko ya taɓa sauran ukun, to kada ya ƙara taka ƙofar gidan.

Da irin ya fito ya yi ganye bibbiyu, Mainasara ya zo da ganyensa na ɗakin raga a nannaɗe cikin tsumma mai laima. Ya wanke hannu da sabulu, ya daka a ɗan turminsa da ruwa kaɗan, ya barbaɗa wani gari mai laushi kamar toka, ya bi tsiron ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da yatsa a hankali. Barakatu ta kawo wa babanta abinci, ita da Inna Hindu suka tsaya a bakin kwalbati suna kallo har ya gama.

Ba a jima ba aka tura shi kwas na ƙaro ilimi a Zariya. Bayan tafiyarsa kuturta ta ɓulla a gonar Sale, maƙwabcinsu, wanda ya riga kowa dashe. Barakatu ta ga yadda gonar ta koma, hankalinta ya tashi. Fangalin Likitanta ɗaya ne aka kare, ukun babanta suna nan a buɗe, ga cuta a tsallaken ruwa.

Ta kai kukanta wurin Inna Hindu. Tsohuwa ta ce to mene ne a ciki? Sun ga yadda ake yi da idonsu, turmi kuwa su ke sayar da shi, kuma yaron da bakinsa ya ce daidai yake da na shanu. In ukun nan suka tsira, Ubale zai gane da hujja, auren ma ya zo da wuri.

Ranar Juma'a, da Malam Ubale ya hau keke ya tafi masallaci Bebeji, suka ɗauki sabon turmi suka nufi gonar Sale. Barakatu ta kai hannu ga wani ganye mai ɗan dama-dama, Inna ta buge hannun. Ta ce makiyayi ba ya yankar huhun saniya mai tari, na wadda ciwon ya kashe yake nema. Suka zaɓi waɗanda suka fi murɗewa. Garin nan mai laushi ba su da shi, sai suka ɗebi yashin bakin ruwa. Kafin a sauko daga masallaci sun shafe fangali uku tas, suka koma gida suna murna, ba wanda suka faɗa wa.

Mako bai cika biyu ba fangali ukun suka kwanta. Ganye ya murɗe, tsiro ya tsaya cak. Na Mainasara kuwa yana tsaye kore shar, sai ɗan dishi-dishin zane da sai ka duƙa za ka gani.

Nan fa kowa ya rikice. Malam Ubale ya ce cutar yaron ce ta tsallaka ta cinye masa iri. Ɗanliti ya ce ai ba tsallakawa ta yi ba, da gangan aka yi, don fangalin mai babur ya fita daban. Maƙwabta suka ce to in cutarsa ce, me ya sa ba ta ci nasa ba?

Wadda ta fi kowa shiga ruɗu Barakatu ce. Ita a saninta abin da ya yi shi ta yi. In nata ya kashe, to aikin nasa ƙarya ne ke nan? In ƙarya ne, me ya sa nasa ke raye? Ta tambayi Inna Hindu, tsohuwa ta ce wataƙila akwai abin da yake karantawa a zuci da bai faɗa musu ba, ko kuma abin ba ya son Juma'a. Barakatu ta so ta faɗa wa babanta, ta je har bakin zaure ta ji yadda yake huci, ta juya ta koma ciki.

Mainasara ya dawo daga Zariya ya tarar da wannan. Ya zagaya fangalin ya sake zagayawa, kansa ya ɗaure tam. Abin da ya zo masa kawai shi ne ko mai sanyin ce ta rikiɗe ta yi zafi, abin da ya taɓa karantawa yana iya faruwa. In haka ne kuwa, shi ya kashe wa mutumin gona. Malam Ubale ko gaisuwarsa bai amsa ba. Washegari Inna Hindu ta kawo kaset, ba ta ko nemi goro ba.

"Mai Turmi, ni ne. Ban gane abin da ya faru ba. Na duba littafi, na duba ɗakin raga, na duba kaina, ban gane ba. Abin da na sani shi ne hannuna ya shiga gonar Baba, kuma kayan ɗakinki ne suka kwanta a wurin. Na yi masa alkawari, ba zan karya ba. In kin ji ban ƙara zuwa ba, ba don na daina ba ne. Ki yafe min."

Ta saurara, ta mayar baya ta sake saurara, ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai isarta. Tausayinsa take ji, tana jin haushinsa, tana jin tsoron babanta, duk a lokaci guda. Ta danna rikoda za ta ba shi amsa, sai ta kashe ta tura ta gefe.

Malam Ubale ya yanke shawarar tuge fangalin huɗu duka ya ƙone, ya aika Mainasara ya zo ya gani da idonsa. Da hantsi aka taru a gonar, ga Sale, ga Ɗanliti da sabuwar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Barakatu ta zo da kwanon abinci ta tsaya nesa, Inna Hindu na bayanta.

Mainasara ya roƙi a bar shi ya ƙara dubawa sau ɗaya. Ya durƙusa ya tsinki ganyen ƙasa ya ɗaga shi saitin rana. Sai ya ga ƙarce-ƙarce a jiki, sirara, duk sun bi hanya ɗaya. Ya duba na gaba, haka. Ya matsa fangali na biyu, haka. Cutar da ta zo da kanta ba ta barin shaidar yatsa. Wani ne ya shafa, da yashi mai kaushi, kuma mutum biyu ne kawai suka tsaya suka ga yadda yake yi.

Ya ɗago kai ya dubi bakin kwalbati. Idonsu ya haɗu, ta sunkuyar da kai.

Malam Ubale ya tambaye shi me ya gani.

"Ba komai, Baba. Laifina ne. Alfarma ɗaya nake roƙo, a bar fangalin ƙarshen nan, lafiyarsa ƙalau. Ni ba sai na ƙara zuwa ba."

Dattijon ya ce ba zai bar tushen cuta a gonarsa ba. Ya naɗe hannun riga ya nufi fangalin mai kore, ya duƙa. Barakatu ta ajiye kwanon a ƙasa.

"Baba, kada ka tuge. Ni ce."

Ya juyo bai gane ba. Ta matso ta durƙusa ta faɗi komai: Juma'ar, da turmin, da yashin. Ta ce so ta yi ta kare masa ukun kamar yadda aka kare ɗayan, kuma har yanzu da take magana ba ta san me ta yi ba daidai ba. Inna Hindu ta ce a daina kallon yarinya ita kaɗai, tare suka yi.

Mainasara ya tambaye ta a hankali daga ina suka samo ganyen.

"Gonar Sale," ta ce. "Wanda ya fi lalacewa muka zaɓa."

Ya zauna daɓas a kan kunyar fangali, rigar gugar nan a cikin laka. Kuma ikon Allah, ranar ce magana ta fito masa a miƙe karon farko.

"Baba, cutar iri biyu ce. Wadda nake shafawa an riga an karya mata ƙarfi, a ɗakin raga kawai ake samunta. Ta gonar Sale ita ce muguwar, ita suka shafa. Ranar da Inna ta yi maganar shanu na ce daidai ne, alhali na san ba daidai ba ne. Tsoronka na ji, na yi shiru. Da na ƙarasa maganar, da irinka na nan."

Malam Ubale ya dubi 'yarsa, ya dubi yaron, ya saci kallon surukarsa ya kawar da kai.

"Ke kin kashe min gona don ki cece ta," ya ce. "Kai kuma ka gane ita ce, ka ce kai ne. Ita kuma Inna..." Sai ya haɗiye sauran. "Ni yau ban san wa zan yi wa faɗa ba."

Ɗanliti ya gyara murya ya ce shi dai a ganinsa a tuge duka a huta. Malam Ubale ya tambaye shi ko shi ya shuka. Daga nan Ɗanliti ya tuna yana da lodi a bakin titi.

Aka tuge fangali uku aka ƙone, Mainasara ya sa kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya kusanci na huɗun. Lokacin sake reno ya riga ya wuce, irin ma babu. Abin da ya tsira shi aka dasa, bai rufe ko rabin gonar ba, sauran filin ya zauna fayau. Malam Ubale ya daɗe ba ya amsa wa Barakatu fiye da "lafiya", kuma wannan ya fi mata duka ciwo. Kullum ita ke riga kowa zuwa ban ruwa.

Kuturta ta yi ɓarna a yankin a wannan rani. Ɗan dashen Malam Ubale kuwa ya tsaya da ɗan zanensa, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya ciyar da gida. Kayan ɗaki dai babu su.

Bayan tsinkar fari ya aika aka kira Mainasara. Wannan karon shi ne maganar ta yi wa nauyi. Ya ce alkawari ya cika, fangali ya yi kyau, ya turo magabatansa. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce akwai abin da yake jin kunyar faɗa. Tun ranar da aka haifi Barakatu ya ƙudurta ba za ta shiga ɗakin miji hannu sake ba, ga shi bana abin da zai iya bai wuce katifa da 'yan kwanuka ba. In suna so a jira baɗi, ba zai ga laifinsu ba.

Mainasara ya daɗe yana murza hularsa.

"Baba, kada a jira," ya ce. "Ina da ludaya da yawa."

Malam Ubale ya dube shi, bai san tarihin ludayan ba. Daga cikin gida sai aka ji Inna Hindu ta tuntsire da dariya har tana tari. Da aka ba shi labari, shi ma ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin irin ya kwanta.

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla, miyar bikin ma da tumatirin fangalin nan aka yi ta. Da yamma, kafin a kai amarya Kiru, aka shigar da ita wurin babanta lulluɓe, ango na durƙushe a bakin ƙofa. Malam Ubale ya jawo wani abu daga bayan buzunsa. Turmin nan ne na ranar Juma'a, an wanke shi fes.

Barakatu na ganinsa ta fashe da kuka, ta ce ya yafe mata.

"Na yafe tun a gona, bakina ne ya yi nauyi," ya ce. "Ranar da ruwa ya tashe mu, da tabarma da turmi uwarki ta shigo gidan nan, ke kina goye. Ga shi gida ya zama gida. Karɓi."

Ta karɓa da hannu biyu. Ya ce mata kafin ta daka komai a ciki, ta tambayi mijinta har sai ta gane, kada ta gyaɗa kai don kunya. Ya juya ga Mainasara ya ce shi kuma ya riƙa ƙarasa magana, ko da a kaset ne. Sannan ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai albarka, ya cika musu ɗakin da shi ya kasa cikawa. Ya shafa, ya ce a tafi da ita kada dare ya yi.

A mota Inna Hindu ta ce ita fa har gobe tana ganin Juma'ar ce ta ɓata aikin. Mainasara ya buɗe baki zai ce haka ne, amarya ta taɓa shi da gwiwar hannu ta cikin mayafi.

"Likitana," ta ce ƙasa-ƙasa, "yi mata bayani. Ni ma ina ji."

Ya gyara zama ya fara, daga farko wannan karon. Tana rungume da turminta har suka shiga Kiru.